Waƙar da gobara ta haifa

A shekarata ta biyu ina koyon haɗa sauti, ba abin da na ƙware a kai kamar ƙorafi: ɗakin ya yi ƙanƙanta, ƙarar janareta na shiga makirfo, maƙwabta sun hana mu sakat. Maigidana bai taɓa yi min musu ba. Ran nan sai kawai ya kunna min "Smoke on the Water" ta ƙungiyar mawaƙan Ingila Deep Purple, ya ce, "Je ka nemo min inda aka naɗe ta."

Ga abin da na gano: a Disambar 1971 'yan ƙungiyar suka taso daga Ingila zuwa Montreux ta Suwizalan da motar naɗar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones, da niyyar yin aiki a gidan cacan garin. Ranar 4 ga wata, ana tsaka da wasan mawaƙi Frank Zappa a gidan cacan, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi, rufi ya kama, gini ya ƙone ƙurmus. Hayaƙin da ya kwanta kan tafkin Geneva shi ya ba Roger Glover, ɗaya daga cikin 'yan Deep Purple, sunan waƙar, wato "hayaƙi kan ruwa".

Suka koma zauren Pavilion, maƙwabta suka kira musu 'yan sanda saboda ƙara. Ashe ba mu kaɗai ba ne! Kafin a tashe su, sun riga sun naɗi kiɗan waƙar. Sauran kundin Machine Head da waƙar ke ciki kuwa a lungun Grand Hotel aka ƙarasa shi, otal ba kowa, an tottoshe ko'ina da katifu. Tun daga ranar bakina ya mutu kan zancen ɗaki.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai daban ne: su kansu ba su ɗauki waƙar a bakin komai ba. Kundin ya fito 1972, sai 1973 aka sake ta ita kaɗai a Amurka, ta hau ta 4 a jadawalin fitattun waƙoƙi na Billboard. Yau da wuya ka ga mai koyon jita da bai fara da 'yan sautukan farkon waƙar na Ritchie Blackmore, mai jitar ƙungiyar, ba, ko da yake yawanci kan tsirkiya ɗaya suke kaɗawa, shi kuwa biyu yake tsinka tare.

Ni a lokacin, duk naɗin da bai kwanta min ba a daren nake goge shi. Na daina. Watan jiya wata mawaƙiya ta dawo neman gwajin da muka yi da wasa bara, wanda janareta ke gurnani a bayansa. Shi ta zaɓa.