Abin da dillalan dutse ke zubarwa shi nake tarawa

A Jos idan ka ce kana harkar dutse, wato duwatsu masu daraja, abin da za a fara tambayarka shi ne nawa giram. Haka kasuwar ta ginu: a ɗora a sikeli, a duba launi, a haska tocila a ga ko akwai tsaga, sannan a shiga ciniki. Ni kuwa gyaran agogo ne sana'ata, a wani ɗan shago wajen Taminus, kuma duwatsun da nake tarawa shekara da shekaru ba na sayarwa ba ne. Yawancinsu in na kai wa dillali ko kuɗin shayi ba zai ba ni ba. Abin da nake nema a jikin dutse daban yake da nasa. Ina son in same shi yadda Allah ya halicce shi a cikin ƙasa, da fuskokinsa da tsininsa, in da hali ma yana manne da uwar dutsen da ya tsiro a kai.

Ku ɗauki akwa, wannan mai ruwan sararin samaniya da ake kawo mana daga wajajen Nasarawa Eggon da Akwanga da Gwantu. Idan ya fito lafiya daga rami, dogo ne mai gefe 6 kamar fensir, ka rantse wani ne ya zauna ya goge shi, alhali ba hannun da ya taɓa shi. To amma mai saye a Bangkok ba wannan yake biya ba. Shi yankakken wuri mai tsabta yake so, wanda za a fere a sa a zobe. Saboda haka dillali na karɓar dutse sai ya ɗauko filaya ya dinga ɓantarewa, ya cire kan, ya cire gindin, ya cire duk inda hazo yake, har a bar ɗan guntu. Ban ga laifinsa ba, da wannan guntun yake ciyar da gida. Sai dai duk lokacin da na ji ƙarar filayar nan sai na ji ta har cikin haƙorina.

Akwai wani dattijo ɗan Senegal da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu. In kaya suka zo masa nakan ce, "Alhaji, don Allah kafin ka sa filaya bari in gani." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai da kwashe-kwashe. Wannan ai duk tsaga ne, ba ya yankuwa." Wanda ba ya yankuwan shi ne rabona, kuma da araha nake samunsa. Abin mamaki, a can waje akwai masu tara irin wannan, har babbar kasuwa suke ci duk farkon shekara a garin Tusan na Amurka, inda dutsen da bai karye ba kan fi wanda aka fasa kuɗi. Labarin bai iso bakin rami ba tukuna.

Dutsen da na fi ji da shi ba mai kyau ba ne a ido. Kuza ce, baƙa mai ɗan ja-ja, ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Kowa a Jos ya san kuza, amma a matsayin baƙin yashin da ke kwanciya a gindin kwano bayan an wanke ƙasa. Kaɗan ne suka taɓa ganin ta da fuskokinta suna ƙyalli, kafin ruwa ya farfasa ta ya gangaro da ita cikin rafi. Wani yaro mai aikin loto, wato haƙar kuza da hannu, a wajen Bisichi ne ya kawo mini ita. Duk wanda na ɗora wa a tafin hannu sai ya ɗan zabura, domin nauyinta ya ninka na ruwa kusan sau 7, farin dutsen ƙanƙara kuwa bai kai sau 3 ba. Kakana da hannu yake gane kuza, ko kallonta ba ya yi.

Shi kakan nawa kuza ce ta kawo shi daga ƙasar Kano, kamar yadda ta kawo kakannin yawancin mutanen Gangare da Dilimi. Ba Turawa ne suka fara gano ta ba. Tun kafin zuwansu maƙeran garin Liruwe suna narka ta suna sayarwa. Abin da Turawa suka kawo a farkon shekarun 1900 shi ne kamfanoni da injuna, sai ƙaramin jirgin ƙasan da ya iso daga Zariya a 1914. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka shiga ɗebo mutane daga lardunan Arewa a kawo su haƙa ala tilas, kuma da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe su. A shekarun 1950 kuma kolombait, wanda da can ake zubarwa a matsayin dattin kuza, ya yi tsada saboda Amurka na saye tana ajiyewa, har aka koma ana tone tsofaffin juji. Farashin kuza ya rushe a duniya a 1985. Abin da aka bar mana shi ne kududdufan tsofaffin ramukan haƙa na Rayfil da Bukuru da Barikin Ladi.

Masana ilimin ƙasa sun ce duwatsun da suka kewaye mu, irin na Shere, narkakken dutse ne da ya taso ya huce a hankali kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce. Ruwan zafin da ya rage a ƙarshe shi ya bi tsage-tsage da koguna ya ajiye kuza da tofas da sauransu. Inda dutse ya sami fili da lokaci, nan yake fitar da siffarsa. Inda aka matse shi, sai ya zama dunƙule kawai.

Tofas na Jos ma ta hanyar kuza nake samunsa. Yana da nauyi, don haka yakan zauna a kwano tare da ita, kuma matan da ke wanke ƙasa sukan tsince shi su jefar ko su tara a gwangwani. Yawanci fari ne tas, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. A nan ne ake yawan cutar sababbin shiga, domin a ido da wuya ka raba shi da ƙanƙara, ko ma da fasasshiyar kwalba da aka goga a yashi. Launi shi ne shaidar da na fi raina wa. Akwa da zumurrudu dutse ɗaya ne, ɗan abin da ya shiga cikinsu ne ya bambanta: ƙarfe a cikin na farko, kuromiyam ko banadiyam a cikin na biyu. Shuɗin tofas mai kauri da kuke gani a shagunan gwal kuwa, kusan duka farin tofas ne aka haska wa wani irin haske a inji sannan aka gasa.

Ga yadda nake gwadawa, kuma duk kayan aikin suna kan teburin gyaran agogona. Da farko tauri. Wani Bajamushe mai suna Firedirik Mos ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 a 1812, kowanne yana karce na ƙasa da shi, kuma har yau da jerinsa ake aiki. Farce yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, ƙanƙara 7, tofas 8, safaya 9, daiman 10. Wato ƙanƙara za ta karce kwalba, tofas zai karce ƙanƙara. Amma a ɓoyayyen gefe ake gwaji, ba a kan kyakkyawar fuska ba.

Na biyu nauyi, kuma shi na fi amincewa da shi tunda ba ya ɓata komai. Ka auna dutsen a ƙaramin sikelin gwal ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mai da shi sifili. Ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi ya nutse, ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai ka raba lambar farko da ta biyu. In ka sami wajen 2.65 ƙanƙara ce, wajen 3.5 tofas ne, wajen 4 kana iya fara murna da safaya. Akwa yana wajen 2.7, ya yi kusa da ƙanƙara sosai, don haka shi sai an haɗa da wasu alamun.

Na uku shi ne gilashin ido da nake duba cikin agogo da shi. Ƙanƙara tana da ƴan layuka a kwance a jikin fuskokinta, na tofas kuwa a tsaye suke, suna bin tsawonsa. Tofas in ya karye gindinsa sumul yake fita, ƙanƙara kuwa karyewar kwalba take yi. In kuma ka hango ƴan kumfa zagayayyu a ciki, to mayar wa mai shi kayansa, kwalba ce. Af, tunda zancen agogo ya shigo: wannan kalmar Quartz da ke rubuce a fuskar agogon hannunku ƙanƙarar nan ce. Ɗan siririn yanki ne a ciki, batir na taɓa shi sai ya dinga kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, da haka agogon ke ƙirga lokaci. Na cikin agogo dai a masana'anta ake shuka shi, ba daga rami yake ba.

Yaran unguwa dutsen tomalin suka fi so. Ina da wani baƙin tomalin daga wajen Keffi, mai gefe 3 a ɗan kumbure. In na ɗumama shi kaɗan kusa da gawayi sai ya fara jan toka da ƴan yagaggun takardu, su yi ta ihu wai sihiri ne. Manya kuma tambayarsu ɗaya ce, wane ne ke maganin hawan jini, wane ne ke jawo kasuwa. Amsata ba ta canzawa: ni ban san dutsen da ke yin wannan ba, kuma wanda ya ce zai sayar maka da shi, kuɗinka yake so.

Wanda na sani tabbas shi ne dutsen da ke cutarwa. Ina da kwalli daga Zurak ta ƙaramar hukumar Wase, mai ƙyallin azurfa, in ya fashe sai ya rabu gida-gida masu kusurwa huɗu. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma dalma ce, kuma yana cikin akwati mai makulli. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, ba zai bar irin wannan inda yaro zai kai baki ba. Haka ragowar yashin da ake fitarwa a shagunan tace kuza: akwai monazait a ciki, wanda ke fitar da tururin da ido ba ya gani amma yana illa in an daɗe tare da shi. Uwargida ta kafa doka ba ya shiga ɗaki, kuma tana da gaskiya. Masu ɗibarsa su yi yaɓen gida su ma gara su bari.

Ajiya ba ta da wuya. Kowane dutse da kwalin ashanarsa da ƴar auduga, don kada mai tauri ya karce mai laushi. Amatis, wato ƙanƙara mai launin shunayya, ba ya son rana, launinsa kan kwashe. Masu laushi kuma ba a share musu ƙurar hunturu da ƙyalle, domin ƙurar kanta akwai ƙanƙara a ciki. A zuba ruwa ya tafi da ita.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƴar takardar da nake sakawa a kowane kwali: sunan dutse, ƙauyen da ya fito, shekarar da aka haƙo shi. Dillali ba zai gaya maka rami ba, tsoron kada ka riga shi. In ka matsa sai ya ce "daga daji." Shi ya sa duwatsu da yawa suke yawo a duniya da sunan Jos alhali daga Nasarawa ko Kudancin Kaduna ko Mambila suka fito, nan kasuwa kawai suka ci. Ni kuwa dutsen da ba a san asalinsa ba rabin amfaninsa ya tafi. Ku je gidan tarihin Jos, wanda Banad Fag ya buɗe a 1952, ku ga kawunan yumɓun Nok. A ramin kuza aka fara tono su a 1928, kuma don an san inda suka fito da zurfin da suke ne aka iya gano daɗewarsu. Waɗanda ɓarayi suka tono suka fitar a ɓoye, ba mai iya cewa komai a kansu sai dai kyau.

Don haka na fi son saye daga hannun masu shiga ramin da kansu. Su ba sa ɓoye wuri, har su ba ka labarin gaba nawa suka nutsa kafin su same shi. Aikinsu na sai da rai ne, rami kan rufta musamman da damina, shi ya sa ba na ja musu ciniki sosai. Wanda kuma zai wuce tara na sha'awa ya shiga saye da sayarwa, ya sani dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da lasisi.

Yanzu hankalin kowa ya koma kan litiyam, wanda ake yin batir da shi. A Nasarawa buhu-buhu ake lodawa a tirela, ba mai tsayawa duba fuska ko tsini, guduma ce kawai. A irin ramukan nan ne ake samun kunzait, mai ruwan hoda-hoda, kuma shi nake nema yanzu, ko da mai tsaga ne, in dai bai karye ba. Wanda ke da ɗan'uwa a can ya gaya masa: in ya ci karo da shi kada ya wanke da omo, kada ya bar shi a rana don shi ma launinsa na gudu, ya naɗe shi a takarda shi kaɗai, ya rubuta sunan ƙauyen a jiki.