Na sayi tsohuwar Fijo 504, ga abin da na gani a cikinta

Tun da na fara shiga gari da motar nan mutane ke tambayata wai lafiya, mutum da aikinshi da albashinshi ya rasa abin saye sai 504. Wani abokina cewa ya yi ko gado na ci. To ba gado ba ne, da kuɗina na saya, kuma da gangan na neme ta.

A Argungu na same ta wurin wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin gwamnati ne tun muna cikin jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991. Tana cikin wata rumfar kwano bayan gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi duk sun sace, kaji sun maida ƙarƙashinta makwanci. Da munka yaye tamfol ɗin sai ga ta fara, fentin ya ɗan dushe amma na kamfani ne ba a taɓa sakewa ba. Kujeru na nan da rigar da ya sa tela ya ɗinka masu, in ka ɗaga rigar yadin da ke ƙasa ko yagewa babu. Ya shiga ɗaki ya fiddo wata jakar leda, takardun motar ne tun na farko, da wani ɗan littafi da yake rubuta ranar da ya juye baƙin mai. Na ce Baba a sayar mini mana. Ya dube ni ya ce "ɗana, in haya za ka sa ta ko ɗaukar albasa daga Aliero, gara ta ruɓe nan inda take." Sai da mahaifina ya sa baki, ni ma na yi alkawari, sannan anka yi ciniki.

Yaran yanzu sun san ta ne a matsayin motar tasha da ta sha wuya, ƙofa ɗaure da igiya, amma ba haka ta fara ba. A Faransa anka fito da ita a 1968, shekarar da ta biyo ita ta ci motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na Kenya wanda ake yi cikin laka da duwatsu. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai 2006, lokacin su Faransawan sun daɗe da mantawa da ita. Zamanin Obasanjo na soja ita ce motar manyan gwamnati, shi ya sa dattawanmu har yau in sun gan ta sai ka ga fuska ta canza. Wagon ɗinta kuwa mai layin kujeru uku, wa bai shige ta ba daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ko Jega zuwa Yawuri, an cika but da buhunan shinkafa har tana neman zama ƙasa kuma a haka za ta kai.

Abin da ya fi riƙe ni a motar nan shi ne in ka buɗe bonet kana ganin ƙasa. Injin lita biyu ne, silinda huɗu, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma duk abin da ke ciki za ka iya nuna shi da yatsa ka faɗi aikinshi, ga kafireta ga distiributa ga kwayil ga filogi huɗu ga lagireto ga batir, shi ke nan fa. Ba kwamfuta. Ina da wata 'yar Kwatano da nake zuwa aiki da ita, ita in wata fitila ta kama a dashbod sai an nemo mai na'ura ya jona ya karanta, ka biya kuɗin karatun tukuna kafin a fara maganar gyara. Wagga kuwa da kunne ake gane ciwonta.

Wata rana za mu Jega da bakaniken da ke duba mini ita, mun wuce Kalgo kaɗan ta fara tari tana fizga. Ko damuwa bai yi ba, ya ce maigida sauka gefe. Ya ɓalle murfin distiributa, ya ciro wani guntun sanfefa daga aljihun gaba, ya zura tsakanin bakin kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don filogi ya samu wuta, ya goga kamar sau nawa, ya hura da baki, ya ɗan sassauta sukuru ya gyara tazarar da ido kawai, ya maida murfi ya ce tada. Bugu ɗaya ta tashi. Ko shayin da na siyo wurin mai tebur a bakin hanya bai huce ba. Daga ranar na sa ya koya mini, yanzu da kaina nake yi, kuma but ɗina ba ya rabuwa da kwantak da kwandansa sabbi, fanbel, filogi, sifana da jarkar ruwa.

Wanda ke son sayen irinta, shawarata ya bar kallon inji ya fara duba bodi. Injinta ko ya gaji ana canza silif da fistin da zobba ya dawo daidai, amma in tsatsa ta ci ƙasan mota, to ka sayi wahala. Ka ɗaga kafet ka duba inda ake aje ƙafa, ka leƙa ƙasan ƙofofi da cikin but da wurin da safaya taya ke rataye a ƙasa, ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji ko ƙarfe ne ko an cika da fila an shafe da fenti. Mu nan Allah ya taimake mu da bushewar iska, motar da ta zauna Kebbi ko Zamfara ta fi wadda ta zauna Legas ko Fatakwal lafiyar jiki nesa ba kusa ba. Sannan a nemi ta mutum ɗaya, wadda ba ta taɓa shiga layin tasha ba. Mai ƙyalli da yawa ma ni tsoro take ba ni, tsohuwar mota da sabon fenti akwai abin da ake ɓoyewa.

Sai maganar masu ba da shawara, kai sun fi ƙarfina. Wannan ya ce in cire injin in dasa na Jafan don ya fi shan mai kaɗan, wancan ya ce in sa manyan rim da baƙin gilashi da rediyo mai allo. Duk na ƙi. In na yi haka mi ya rage na 504 ɗin, ai sai suna. Abin da na taɓa kawai shi ne wanda lafiya ta tilasta, tayoyi huɗu sabbi, robobin birki da tiyo, an wanke tanki da lagireto, an sake shokazoba. Fenti polish kawai anka yi mishi. Kayan gyara kuma na lura tsohon na asali da za ka tsinta wurin 'yan gwangwan sau da yawa ya fi sabo na kwali da ba ka san inda anka ƙera shi ba, shi ya sa duk inda na ga mushen 504 an jingine sai na tsaya na tambayi mai ita.

Bakanike ma ba kowa ba. Yaran gareji na yanzu da yawa ba su taɓa kwance kafireta ba, ka nemi dattijo wanda da ita ya koyi sana'a, ka riƙe shi da kyau ka dinga kyautata mishi.

Tana da nata, ba zan ɓoye ba. Tana shan mai, kuma tun da anka cire tallafi a 2023 duk fita sai na yi lissafi. Sitiyari da nauyi in za ka juya a lungu. Tawa ba ta da AC, a zafin Afrilu na Birnin Kebbi uwargida ta ce ita da motar nan sai damina, yara ne kawai ke rububin shiga don kujerar baya ta fi ta falo laushi. Amma a hanya mai ramuka da gargada yadda take haɗiye su tana lilo a hankali, ba ka jin ƙugu, ita 'yar Kwatanon ba ta iya wannan ba.

Ajiya ma na kashe mota, wannan bakaniken ya nanata mini, roba na bushewa mai na lalacewa a kafireta. Don haka duk Juma'a da ita nake zuwa masallaci, ranar Asabar in da hali in miƙa hanyar Argungu ta buɗe ƙirji. Kwanaki wani mutum ya tare ni a gidan mai ya yi tayin da ya wuce abin da na saya, na tambaye shi mi zai yi da ita ya ce yana da wagon ta haya da ke buƙatar inji da giya. Na ce Alhaji a yi haƙuri, akwai alkawari a kanta.