Tallar da ke bin abin da ka rubuta

Tambayar da aka fi aiko mini game da shafina na intanet ita ce mutum nawa ya kamata su riƙa shigowa kafin talla ta fara kawo kuɗi. Nakan amsa daidai gwargwado, amma raina ba ya kwanciya da tambayar, domin ta tsallake wadda ta fi ta nauyi: me ya kawo mutanen nan shafinka tun farko? A wannan harka, buƙatar da mai karatu ya zo da ita ce ke yanke kuɗin, yawan jama'a kuma ya biyo baya.

Ni dai rubutuna a kan wutar sola ne, batura da inbata da yadda ake haɗa su. Akwai wani rubutu da na yi a kan yadda mutum zai lissafa girman batirin da zai riƙe masa firji da fitilu har gari ya waye. Ba ya tara jama'a. A hankali ake shigowa, ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga bincike a Google. Akwai kuma wani da na yi a kan husufin rana, wanda aka yi ta yaɗawa a Facebook har ya ninka na batirin sau da yawa wajen masu karatu. Da na zauna na duba rahoton wata, na batirin ne ya fi kawo kuɗi idan aka auna da kowane buɗewa dubu, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Dalilin a fili yake. Wanda ke lissafin batiri mutum ne da ya kusa sa hannu a aljihu, masu sayar da batura kuwa sun san haka, shi ya sa suke rige-rigen su bayyana a gabansa. Mai karanta labarin husufi ya zo kallo ne, ya gama ya wuce.

Ga yadda abin yake tafiya. Kana sanya wasu 'yan layukan lamba da kamfanin talla ya ba ka a cikin shafinka. Wata manhaja tasu takan zo ta karanta rubutun, ta duba kanunsa da kalmomin da suka fi yawa a ciki, ta gane maganar da ake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe rubutun, sai a yi gwanjo cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, masu talla su taya gurbin da ka ware, wanda ya fi tsoka ya samu. Google ya fito da AdSense, tsarinsa na sanya talla a shafukan mutane, a 2003, shekarar da ya sayi kamfanin Applied Semantics mai fasahar gane ma'anar rubutu, kuma har yau shi ne ƙofar da yawancin ƙananan masu shafi ke fara shiga. Akwai wasu irinsa, kamar Media.net, sai dai ni da AdSense na saba, don haka a kansa zan tsaya.

Gaskiya ba rubutun kaɗai ake dubawa ba. Wasu tallace-tallacen suna bin mai karatun ne, gwargwadon wuraren da ya leƙa a baya. Amma wannan hanya tana ta ƙuntata. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, Firefox, ɗaya daga cikin manhajojin buɗe shafukan intanet, ya toshe kukis masu bibiyar mutane a 2019 (kukis su ne ƙananan fayilolin da shafuka ke ajiyewa a na'urar mai karatu), Safari, wata manhajar irinsa, ya rufe ƙofar kukis ɗin da ba na shafin da ake karantawa ba gaba ɗaya a 2020. Ni wannan sauyi ya yi mini daɗi, domin duk lokacin da bibiya ta yi wuya, darajar abin da ke rubuce a shafi ce ke ƙaruwa, kuma wannan shi ne abin da ke hannuna.

Batun rabon kuɗin talla tsakanin Google da mai shafi ba shi da wani rufa-rufa. Shekaru da dama mai shafi yana samun kashi 68 cikin ɗari na kuɗin tallar da ke fitowa cikin rubutunsa. A farkon 2024 aka sake fasalin lissafin: yanzu kashi 80 ne bayan dandalin da mai talla ya bi ya cire nasa, wanda idan ta Google Ads, dandalin sayen talla na Google, aka sayi tallar yakan koma kusan kashi 68 ɗin nan. A lokacin ne kuma aka koma biya bisa yawan bayyanar talla, maimakon jiran sai an latsa.

Ma'aunin da nake kallo shi ne RPM, wato abin da ka samu a kowane buɗewa dubu. A ce an buɗe rubuce-rubucenka sau 20,000 a wata, RPM ɗinka kuma dala 2 ce, to ka tashi da dala 40. Misali ne kawai na kawo don a ga lissafin. Wannan lamba ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana bin maudu'i, domin masu tallar inshora da lamuni da manhajojin kasuwanci sun fi masu tallar nishaɗi sakin hannu. Tana bin ƙasar da mai karatu yake, tun da masu talla sun fi biyan kuɗi mai kauri a kasuwannin da ake yawan sayayya ta intanet, irin su Amurka da Ingila. Tana kuma bin lokaci. Watanni ukun ƙarshen shekara sukan yi albarka saboda kamfanoni na zuba kuɗi a talla, Janairu na kamawa sai ka ga abin ya faɗi warwas. Wanda bai san haka ba sai hankalinsa ya tashi ya shiga sauye-sauye a shafin, alhali babu abin da ya lalace.

Kada wani ya ji wannan ya ce to bari in koma rubutu a kan inshora. Na ga masu yin haka, su kwaso maganar da ba su sani ba, su juya kalmomi, su jera rubutu hamsin cikin mako. Mai karatu yana shiga zai gane babu kowa a bayan rubutun, ya fita. Abin da nake ba da shawara shi ne ka tsaya kan abin da ka iya, sannan ka nemi inda iliminka ya haɗu da wata shawara da mutum ke ƙoƙarin yankewa. Mai shafin ɗaukar hoto yana da masu neman sanin wace kyamara za su fara da ita. Mai shafin koyon harshe yana da masu kwatanta manhajoji. Kuma kowane rubutu ya riƙe magana ɗaya. Idan ka cakuɗa batiri da siyasa da wasan ƙwallo a wuri guda, manhajar ba za ta san inda ka dosa ba, tallar da za ta turo maka ma haka za ta zo, ba kai ba gindi.

Wurin da na fi jin zafi a raina shi ne yawan talla. A da AdSense ya ƙayyade guda uku a kowane rubutu, a 2016 aka ɗage wannan iyaka, da sharaɗin kada talla ta rinjayi rubutun. Mutane da yawa sun riƙe ɗagewar sun manta da sharaɗin. Ka buɗe shafi a waya, talla a sama, talla a ƙasa, wata ta faɗo ta rufe fuskar wayar, kana neman inda za ka latsa ka kore ta. Wanda ya zo da tambaya ta gaske, wataƙila da ɗan datan da ya rage masa, bai cancanci a yi masa haka ba. Tun Fabrairun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafuka ta Google, ke tace tallace-tallace a shafukan da suka wuce gona da iri, amma ko babu wannan ni ba zan yi ba. A rubutuna nakan sa ɗaya bayan sakin layin farko, wata a tsakiya idan rubutun na da tsawo, wata a ƙarshe. Inda nake bayanin lissafi mataki-mataki kuwa ba na barin komai ya gitta, domin idan hankalin mutum ya rabu a tsakiyar lissafin batiri, zai iya sayo abin da ba zai yi masa aiki ba.

Sai maganar latsa tallarka da hannunka, ko roƙon abokai su latsa maka, ko sayen masu shigowa na bogi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ana gane waɗannan, ana cire kuɗin a mayar wa masu talla, sau da yawa kuma a rufe asusun baki ɗaya, dawowarsa kuwa abu ne mai wuya. Ko rubuta "ku latsa talla ku taimaka mana" a gefen shafi karya doka ne. Ni ko babu doka ina ganin cin amana ne, tun da wanda ya biya kuɗin tallar mai saye yake nema.

Sauran abubuwan na tsari ne. Sai ka cika shekara 18, rubutun ya zama naka, shafin kuma yana da bayanin yadda ake sarrafa bayanan masu shigowa. Akwai jerin harsunan da AdSense ke karɓa, ka duba ko harshen da kake rubutu da shi yana ciki kafin ka ɗora buri. Ka sanya ɗan fayil ɗin nan na ads.txt, wanda aka ɓullo da shi a 2017 don nuna waɗanda ka yarje wa su sayar da gurabenka. Idan kuɗinka ya kai dala 10 za a aiko maka da lambar tantance adireshi ta gidan waya, ba a biya kuma sai ya kai dala 100, tsakanin 21 da 26 ga wata.

Wannan dala ɗarin ta farko takan ɗauki ƙaramin shafi watanni, wani lokaci fiye da haka. Shi ya sa duk wanda ya tuntuɓe ni yana shirin buɗe shafi nakan ce ya fara zama ya rubuto tambayoyi ashirin da mutane ke yi masa a kan abin da ya iya, ya amsa kowacce da rubutu guda cikakke, sannan ya nemi rajistar talla.