Kafin ka sayi bokitin fentin nan

Ɗan yayata zai yi aure bayan Sallah. Jiya ya zo ya tura mini waya a fuska: "Kawu, wanne ya fi?" Farin fenti ne kala biyu, ɗaya ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, ɗayan da ɗan toka-toka a cikinsa. A Instagram ya gano su, wai gobe zai shiga kasuwar Wunti a nan Bauchi ya sayo bokiti uku.

Haka na yi lokacin da nake gyaran gidana a Fadamar Mada. A shago na zaɓa, a ɗan katin da bai kai tafin hannu ba, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Na ɗauki mai ruwan madarar. To tagar falona yamma take kallo, silin kuma fari ne fat. Da la'asar ta yi sai bangon ya koma kamar tsohuwar farar shadda da ta sha ajiya. Uwargida ta shigo, ta duba, ta ce, "Malam, an gama ne ko ƙasan fentin ne wannan?"

Amma a yi mini adalci. Biki ya matso, mai shago ya rantse duk ɗaya ne, mai fenti kuma ya tsinka shi da ruwa son ransa. Ko da yake ni na ce masa ya lallaɓa ya isa. Da ya ƙare na koma na ƙaro, sai aka ba ni na wani zubin daban, har yau akwai layi a bangon bayan kujera. Kuɗin sakewa kuwa babu. A lokacin ma wa ya san wata magana ta gwaji?

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ku 'yan baya, amma na san ba karantawa za ku yi ba. Ku sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, ku shafa a bangon ɗakin shafi biyu, ku bari ya bushe, don launin ɗanyen fenti daban yake da busasshe. Ku duba da hantsi, da la'asar, da dare. Ƙwai mai lamba 3000K yana ƙara wa bango rawaya, mai 6500K yana kwantar da ita. Ku tambayi kalar labulen da dangin amarya za su jera. Waya ba ta nuna launi daidai, ku da komai sai waya, har zaɓen mata!

Kuma kada ku zauna kuna ta jinya a kai. Ƙurar hunturun Bauchi idan ta sauka, bambancin nan ba wanda zai gane shi. Wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma shi ne abin nema, ko da ya fi tsada. Ka ɗauki ko wanne, amma ka saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, kuma ka tsaya a kan mai fenti lokacin da yake zuba ruwa.