Na isa bakin tafki ido ba ya gani

Ƙannena masu sha'awar keken tsere, akwai ranar da har yau nake jin zafinta a raina, kuma ina so ku ji labarinta kafin ku ɗora ƙafa a feda ku tunkari wani tsauni. Ranar da na hau mashigin Mont Cenis ce, a tsaunukan Alps, kusa da iyakar Faransa da Italiya.

Daga garin Modane na taso, na bi kwari har Lanslebourg, inda ainihin hawan yake farawa. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,400, ƙololuwar mashigin kuma ta ɗan haura mita 2,080. Tsakaninsu kilomita 10 ne ko kusa da haka, wato duk mita 100 da ka ci, hanya ta ɗaga ka kusan mita 7. Gaba kaɗan da ƙololuwar akwai wani babban tafki da madatsar ruwa ta tare, ruwansa shuɗi garai-garai. Shi na je gani. Amma da na ga kilomita 10 a taswira sai na raina abin.

Ina fara hawa wasu mahaya uku suka wuce ni. Zuciya ta ɗebe ni, na bi bayansu da giya mai nauyi, ina tashi daga sirdi ina danna feda da ƙarfin tsiya. Kafin kwana ta uku numfashina ya koma kamar zugazugi, cinyoyina suna ƙuna. Ƙarfin da ya kamata in raba wa awa guda na zubar da shi cikin minti goma sha biyar. Ku riƙe wannan: idan ba za ka iya faɗin jimla ɗaya cikakkiya ba tare da ka tsaya jan numfashi ba, to ka wuce kima, ka sassauta. Ka sauko giya mafi sauƙi tun daga gindin dutse, ƙafa tana juyawa ba tana turawa ba. Giya mai sauƙi, wato faifan sarƙa na gaba mai haƙori 34 da na baya mai 32, ba abin kunya ba ne. Wanda ya wuce ka, ka bar shi ya tafi, ba ka san shekarun da ya yi yana hawa ba.

Babban kuskuren dai yunwa ce. Tun daga Modane ban sa komai a baki ba sai ruwa, don ban ji cikina yana nema ba. Sikarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta ba shi da yawa, aiki mai tsanani na awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana iya ƙarar da shi. Idan ya ƙare, ba sallama yake yi ba. Saura kilomita biyu ƙafafuna suka mutu, hannuna ya fara rawa, farin layin gefen titi ya riƙa rabuwa biyu a idona. Da jan ciki na kai sama. Na gangara bakin tafkin na zauna a kan dutse, kaina tsakanin gwiwoyi. Abin da na yi watanni ina mafarkinsa yana gabana, ni kuwa igiyar takalmina kawai nake kallo.

Wani dattijo mai keke ya tsaya a kaina, ya miƙo mini ayaba, ya jira har na cinye. Sannan ya dubi rigata da ta jiƙe sharkaf da gumi, ya zaro jarida ya nuna mini in cusa ta a ƙirji. Allah ya saka masa da alheri. Ku ci kafin ku ji yunwa, ɗan kaɗan duk rabin awa, ku sha kafin ƙishi ya kama ku.

Jaridar nan ita ta fahimtar da ni kuskure na uku. A ƙasa rana ake yi, shi ya sa ban ɗauki rigar iska ko safar hannu ba. Alhali duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iskar da ke kaɗawa daga kan ruwa, ga jiƙaƙƙiyar riga. Da na juyo gangara yatsuna suka sandare. Tsoro ya sa na maƙale birki ban saki ba, har garen taya ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Irin wannan zafin yana rage kamun birki, yana ma iya fasa tiyub. A wata kwana na shiga da gudu, na tsallaka layin tsakiya, Allah ya sa babu mota a lokacin.

Birki kafin kwana ake kama shi, keke yana miƙe, sannan a saki. Fedar da ke ɓangaren waje na kwanar tana ƙasa, nauyinka a kanta, idonka yana kan mafita. Kafin ka fara gangara ka tsaya ka saka rigar iska, ka gyara hular kwano, ka matsa birkin gaba da na baya ka ji sun kama. Idan yatsunka sun daina ji a hanya, ka faka gefe, ka cusa su a hammata har jini ya dawo.