Abin da na koya a ɗakin majinyata a Garwa

Shekaru da dama, ɗan arewacin Kamaru da ke son zama likita ba shi da makawa sai ya nufi Yawunde, inda aka buɗe makarantar likitanci ta farko a ƙasar a 1969. Mutum zai shiga mota daga Garwa zuwa Ngawundare, sannan ya kwana a jirgin ƙasa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tafi can suka yi zamansu. Mu kuwa a gida muke karatu, a tsangayar likitanci da a da take ƙarƙashin Jami'ar Ngawundare, kafin a kafa Jami'ar Garwa a 2022. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin sauƙin kuɗin mota kawai, sai da na fara kwanan aiki a asibitin da ake horar da mu na gane amfanin ya wuce nan.

Asibitin koyarwa yana karɓar waɗanda ciwonsu ya gagari ƙananan asibitocin karkara, saboda haka cututtukan yankin ne ke zama littafin ɗalibi: sanƙarau idan zafin bazara ya tsananta, zazzaɓin cizon sauro da damina, da saran maciji lokacin noma da girbi a kwarin Binuwai.

Wani dare aka kawo wani dattijo manomi daga wajen Lagdo, ƙafarsa ta kumbura suntum, dasashinsa yana tsattsafar jini. Na yi ta jero masa tambayoyi da Faransanci kamar yadda aka koya mana a aji, ɗansa yana fassarawa, kuma da na ji sun kwana biyu wurin mai maganin gargajiya sai na ɗaga murya, daga nan suka yi gum da bakinsu. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Baba, sannu da jiki, wane irin maciji ka gani?" Cikin minti biyu ya siffanta mata kububuwa, ya kuma faɗi cewa tun jiya yake ganin jini a fitsarinsa, abin da duk tambayoyina ba su tono ba.

Babban likita ya sa na ɗebi jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi, na ajiye minti 20 ba tare da girgizawa ba. Da na karkata kwalbar, jinin ya zubo kamar ruwa, alamar cewa dafin ya hana shi daskarewa, nan take aka ɗaura masa maganin dafin ta jijiya. Washegari wurin zagayen safe, malaminmu bai yi mini faɗa a gaban jama'a ba, illa dai ya umarce ni in sake ɗaukar tarihin ciwon daga farko, ni kaɗai, da Hausa, ina zaune a bakin gadon.