Abin da hunturun Sanibel ya koya wa mai raka baƙi

Duk wanda ya yi aikin raka baƙi a gandun tsuntsaye na Ding Darling, a tsibirin Sanibel na jihar Florida, ya san ruwa ke tsara yini. Daga Disamba zuwa Maris fararen kwasakwasa sun sauko daga arewa, ga zalɓe da balbela, ga tsuntsun nan mai baki kamar cokali da gashi ruwan hoda. Amma ba a ganinsu da yawa sai teku ya janye, laka ta fito, ƙananan kifi da jatan lande sun taru a kududdufai. Janyewar ruwa a cikin gandun kuma tana jinkiri da awa ɗaya zuwa biyu bayan lokacin da jadawalin bakin teku ya nuna, domin sai ruwan ya ratsa saiwoyin itatuwan mangurob da bututun ƙarƙashin hanya. Manajan da ke tsara fita bisa lokacin karin kumallon otal zai kai mutane su tarar da ruwa a cike, tsuntsaye sun watse, sannan a ɗora laifin a kan ɗan rakiya.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne hotunan shaida da aka hana ɗauka a hunturun ƙarshe kafin guguwar Ian. Minti goma a kowace fita ake nema, manajan kamfaninmu ya ce baƙi ba su biya kuɗi don su tsaya kallon ma'aikaci yana rubutu ba.

Aikin ba wuya. A zaɓi wurare biyar ko shida a kan hanyar mota mai tsawon mil huɗu da ta ratsa gandun, a riƙe lambar GPS ta kowanne. A kafa kyamara a tsayi ɗaya, da gilashin kyamara ɗaya, tana fuskantar wuri ɗaya bisa kamfas, kullum a lokacin janyewar ruwa. A rubuta kwanan wata, lokaci, inda iska ke kaɗawa, da adadin tsuntsayen kowane iri. Idan aka canja gilashi ko aka matsa taku biyu, ba za a iya kwatanta hoton bana da na baɗi ba. A ajiye kwafi biyu, ɗaya lallai a wajen tsibirin, domin ambaliyar teku ɗakunan ƙasa take fara ci, kuma can ake ajiye kwamfuta.

Ranar 28 ga Satumba 2022 Ian ta afka wa yankin. Gadar da ta haɗa Sanibel da babban yanki ta karye, ruwan gishiri ya malale tafkunan ruwan daɗi na Bailey Tract, wani yanki na gandun, hanyar gandun ba ta sake buɗewa ba sai Afrilun 2023. Da aka dawo, baƙi tambaya ɗaya suke yi: yaya nan yake a da? Dubban hotunan tsuntsu guda da aka zuƙo kusa ba sa amsa wannan. Ba sa nuna inda layin itatuwa ya tsaya ko faɗin lakar da tsuntsaye ke kiwo. Manajan nan kuwa shi ne na farko da ya nemi hotunan da da na yanzu don talla.

Sauran darussan gajeru ne. Ranar Juma'a hanyar a rufe take, kada a yi wa baƙi alkawarinta. Ƙananan ƙwari masu cizo suna fitowa da asuba idan iska ta kwanta, ko da sanyi, a zo da riga mai dogon hannu. Kada da ke shan rana a gefen hanya ba barci yake ba, a ja yara baya. Mai kunna kukan tsuntsu a waya don ya jawo shi, a hana shi nan take, ko da shi ne ya fi kowa biya.